Yadda na karɓo shafin shagon Baba daga hannun masu yi mana talla

Wata ranar Laraba cikin hunturun farkon 2024, wani dattijo ya sauka daga mota a ƙofar shagonmu na kayan ɗaki da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, ya yi sallama, ya zauna kan bencin da yara ke goge katako a kai. Daga Mashi ya taso. 'Yarsa zai aurar kafin azumi, kuma ya zo da kuɗinsa a ƙulle cikin baƙar leda, an ƙirga su daidai babu ragi babu ƙari. Ya ciro waya ya nuna wa Baba hoton gado da sif da madubi, farashi a rubuce a ƙasa, sunan shagonmu a sama. Ɗansa ne ya gani a Facebook kwana uku da suka wuce ya turo masa.

Farashin nan na farkon 2023 ne. Tun daga lokacin an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, an saki naira cikin Yuni, soso da filawud da fenti da gam duk sun yi tashin gwauron zabi. Abin da ke cikin ledar nan ko kayan aikin ba zai saya ba, balle a yi maganar ladan yara.

Baba ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa yadda yake yi in ya bar tabarau a gida, ya karanta a hankali. Ya ce, "Wannan sunana ne?"

Na ce, "Sunan shago ne, Baba. Tsohon talla ne."

Ya ce, "To ai sunana ne." Ya juya wajen dattijon ya ce, "Malam, za a yi maka. Nan da mako uku ka aiko da mota."

Sai da baƙon ya hau mota sannan Baba ya dube ni. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Je ka kashe abin nan yanzu."

Na shiga ofis na buɗe shafin a wayata. Na duba sama, na duba ƙasa, na shiga duk inda zan iya shiga. Zan iya ɗora hoto, zan iya amsa saƙo, zan iya goge sharhi. Amma tallan da ke yawo da sunan mahaifina ko ganinsa ba na yi, balle in kashe shi. Na fito na tsaya gabansa na ce, "Baba, ba ni da ikon kashewa. Sai mutanen Kano." Shekara biyu da rabi ke nan muna biyan kuɗin talla duk wata, ranar na fara sanin haka.

Mutanen Kano wani ƙaramin kamfanin talla ne da abokina na makaranta ya haɗa ni da su a 2021. Ba zan ci amanar gaskiya ba, da farko sun yi mana aiki. Kafin su, shafin nan hotuna ne marasa haske da nake ɗauka da yamma in ɗora, mutum biyar su danna alamar so. Su suka koya mini in fito da gado waje da hantsi, in shimfiɗa zanen gado mai kyau, in ɗauka daga gefe. Cikin wata uku aka fara kiranmu daga Daura, daga Dutsin-ma, daga Funtuwa, har wata Hajiya daga Maraɗi ta aiko a yi wa 'ya'yanta biyu saiti. Ranar da aka fara aikin, yaronsu ya zo har shago da kwamfuta, ya ce wani saƙo zai shigo wayata, in danna amincewa. Saƙo ya shigo da Turanci, na danna. Ban karanta ba. Daga baya suka ce saboda masu kutse gara su rage yawan masu cikakken iko a shafin, na ce to.

Sai kuma 2022 ta zo da matsalar kati. Bankuna suka yi ta rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin naira, da yawansu har suka sauko dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya. Mutanen Kano suka ce kada in damu, suna da katin dala, in dai riƙa turo musu naira su ji da sauran. Daga nan lissafi ya zama dunƙule ɗaya: naira 150,000 duk farkon wata, ba a ware nawa ne na Facebook nawa ne ladansu ba. Takarda ba mu rubuta ba. Duk yarjejeniyarmu muryoyi ne a WhatsApp.

A ranar ta dattijon Mashi na kira mai kamfanin sau huɗu, bai ɗauka ba. Na tura saƙo. Sai washegari da daddare ya amsa, ya ba da haƙuri, ya ce yaron da ke kula da mu ya bar aiki, za a gyara. Kafin tallan ya mutu an yi kwana biyu, kuma cikin kwana biyun mutum biyu sun sake kira da tsohon farashi.

Autarmu tana karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Da ta dawo gida ranar Juma'a na ba ta labari, ta karɓi wayata ta zauna bakin tabarma, ta yi shiru na kusan rabin awa. Abin da ta fara nuna mini shi ne wata ma'ajiyar tallace-tallace da kamfanin Meta, mai Facebook, ya bari a buɗe ga kowa: ka rubuta sunan shafi, ta nuna maka tallan da yake yi a yanzu da ranar da aka fara shi. Da na san da ita, da tun tuni na ga cewa talla ɗaya ne ke ta juyawa wata da watanni. Sabbin hotunan da nake tura musu duk wata ana ɗora su a shafi, amma ba a sa musu ko kwabo.

Sannan ta ɗauko wani guntun filawud da ke jingine a tsakar gida, ta zana akwati uku da fensirin kafinta. Ta ce, "Yaya, kai kana ganin abu ɗaya ne, alhali uku ne. Ga shafi, shi mutane ke gani. Ga asusun talla, a nan ake zuba kuɗi, a nan ake kunna talla a kashe. Ga kuma babban, wanda suke kira Business Manager, ka ɗauke shi kamar rumbu. Duk abin da aka zuba cikin rumbu, na mai rumbun ne." Ta ce hanya biyu ce kamfanin talla ke shiga shafin mutum. Ko dai kai kana da rumbunka, ka ba su izini su shigo a matsayin abokan aiki, ranar da ka ga dama ka janye izinin da dannawa ɗaya. Ko kuma su su ɗauki shafin su saka a nasu rumbun a matsayin mallakarsu, kai ka koma baƙo. Ta shiga wurin da ake ganin masu iko da shafi ta miƙo mini wayar. Sunan kamfanin Kano ne a wurin mai shi. Sunana yana ƙasa, cikin waɗanda aka ba wani ɓangare na aiki.

Ta ce, "Saƙon da ka danna a 2021, shi ne wannan."

Daren nan ban yi barci sosai ba. Shafin nan ni na buɗe shi da hannuna. Hoton farko da ke kansa kujerar da Baba ya yi wa masallacin unguwarmu ce. Akwai saƙonnin mutanen da muka yi wa kayan aure har yanzu suna turo hoton 'ya'yansu. Ban taɓa sayar da shi ba, ban taɓa bayar da shi kyauta ba, amma a rubuce na wani ne.

Ranar Asabar muka zauna da Auta muka bi komai ɗaya bayan ɗaya, muna rubutawa a bayan littafin oda: mene ne, da sunan wa yake, da imel ɗin wa aka buɗe, lambar wayar wa ke karɓar lambar tabbatarwa. Instagram ɗin shago su suka buɗe, ban ma san kalmar sirrinsa ba. Alamar shagonmu a taswirar Google yaronsu ya yi da nasa imel. Lambar WhatsApp da ke haɗe da shafi ce kaɗai tamu. Auta ta sa na buɗe sabon imel da sunan shago, ba nawa na kaina ba, muka buɗe namu rumbun da shi, muka bar shi fanko yana jiran kaya.

Daga nan aka shiga ja-in-ja. Na rubuta wa mai kamfanin saƙo cikin ladabi, na gode masa, na ce mun yanke shawarar riƙe tallanmu da kanmu, ina roƙon ya mayar mini da cikakken iko ya kuma cire shafin daga rumbunsu. Ya ce ba matsala, sai Litinin. Litinin ta zo ya ce yana Abuja. Mako na biyu ya ce wanda ya san aikin ba ya nan. Mako na uku maganar gaskiya ta fito: yana bin mu kuɗin wata biyu, Disamba da Janairu, sai an biya zai saki. Na Disamba na yarda, ban tura ba saboda wani aiki da ya riƙe mana kuɗi. Na Janairu kuwa, watan da tallansu ya ja mana asara, kuma aka kashe shi tun kafin tsakiyar wata, ban ga da wane baki za a nema ba. Na faɗa masa haka, ya daina amsa saƙona.

Cikin wannan zafin ne na yi kuskuren faɗin damuwata a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Kafin magariba mutum biyu da ban sani ba sun biyo ni ta gefe, kowa na cewa zai "ƙwato" mini shafi cikin awa ɗaya in na tura kuɗi da kalmar sirrina da lambar da za ta shigo wayata. Auta ta ce in na kuskura na ba da lambar nan, ba shafin shago kaɗai ba, har nawa asusun na kaina ya tafi. Na toshe su.

Akwai hanyar hukuma, ita ma mun shirya mata. Meta na karɓar ƙorafin wanda ke jayayya kan mallakar shafi, ana neman katin shaida na gwamnati, da takardar da ke nuna kasuwancin naka ne, da wasiƙa mai sa hannu da ke bayanin yadda abin ya faru. Na ciro takardar rajistar sunan kasuwanci ta CAC daga akwatin Baba, da ke naɗe cikin tsohuwar jarida tare da takardar filin shagon. Da sunansa aka yi rajistar, don haka sai da muka rubuta wasiƙar da sunansa, yana cewa ni ɗansa ne kuma ni ya wakilta. Na karanta masa da Hausa, ya saurara har ƙarshe, ya sa hannu. Sai ya riƙe biron bai miƙo ba.

Ya ce, "Wannan ƙara ce za mu kai?"

Na ce kusan haka ne.

Ya ce, "Kafin ka kai ƙarar mutum wajen waɗanda ba su san ka ba ba su san shi ba, ka biya shi abin da ya ce yana bin ka. Kira mani shi."

Na kira da wayar Baba, da yake baƙuwar lamba ce ya ɗauka. Ina tsaye ina ji. Baba ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce, "Ɗana, bashi hanji ne, yana cikin kowa. An ce kana bin mu wata biyu. Za a kawo maka har inda kake. Ni kuma abin da nake roƙo, sunana da ke hannunka ka miƙa wa yaron nan a zaman da zai kawo maka kuɗin, kada ya taso sai da shi." Na ji muryar mutumin ta sauko, yana ta "Ranka ya daɗe, Baba, wallahi ba haka nake nufi ba." Aka sa ranar Talata.

Har yau ina ganin kuɗin Janairu ba hakkinsu ba ne. Na faɗa wa Baba a lokacin, ya ce ya ji, amma in lissafa masa nawa za mu rasa in Sha'aban ya shigo, lokacin da kowa ke gaggawar aurar da 'ya kafin azumi, mu kuma muna zaman jiran amsar wasiƙa. Ban iya ba shi amsa ba.

Ranar Talata bayan asuba muka shiga motar KTSTA ta gwamnatin jiha ni da Auta, ita da kwamfutarta a jaka, ni da littafin oda. Hazo ya rufe hanya har Charanchi, sai wajen Kankiya rana ta fito. Duk tsawon hanya tana maimaita mini tsarin da za a bi, don ta ce in aka saɓa shi ana iya barin shafi babu mai iko da shi sam. Farko a ba ni cikakken iko, in karɓa, in tabbatar a wayata. Sai bayan nan su cire shafin daga rumbunsu. Sannan mu saka shi a namu. Kuɗi kuma rabi kafin a fara, rabi in an gama.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman bene, janareto na ruri a ƙasa. Mai kamfanin ya karɓe mu da fara'a, ya aika aka sayo mana lemo. Matashi ne, bai girme ni da yawa ba, kuma da na gan shi ido da ido sai fushin da na taho da shi ya ragu. Yara uku ne ke masa aiki, shafuka sun fi ashirin a kan allonsa, na masu atamfa da masu gidan abinci da masu makaranta, duk a rumbu ɗaya. Na tura rabin kuɗin, ya ga shigarsu, ya juyo da kwamfutar muna gani.

Matakin farko ya tafi lafiya. Gayyata ta shigo wayata, wannan karon sai da Auta ta karanta mini kowane layi kafin na danna. Na shiga na ga sunana ya hau cikin masu cikakken iko. Da aka zo cire shafin sai ya ƙi fita, jan rubutu ya fito. Instagram ɗin shago yana ɗaure da shi a cikin rumbunsu, sai an raba su. Za a raba, aka nemi a shiga Instagram ɗin, shi kuma ya tura lambar tabbatarwa zuwa wayar yaron da ya bar aiki. Aka kira shi, wayarsa a kashe. Muka sauka muka yi azahar, muka dawo, a kashe. Auta ta zauna ta haɗa tagumi, ni kuma ina kallon agogo ina tunanin motar komawa. Sai wajen ƙarfe uku ya kira da kansa, ashe yana wani gari wajen ɗaurin aure. Mai kamfanin ya lallashe shi, aka sake tura lambar, ya karanto ta guda shida muna rubutawa a gefen littafin oda. Nan take Auta ta canza imel da lambar waya da kalmar sirri zuwa namu.

Sai aka danna cirewa, shafin ya ɓace daga jerinsu. Auta ta juya tata kwamfutar, ta shiga rumbunmu, ta rubuta sunan shago. Intanet ɗin ya tsaya yana ta juyi. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san na riƙe bakin tebur da hannu biyu. Da ya buɗe, sunan shagon Baba na zaune shi kaɗai a cikin rumbun da muka bari fanko. Auta ta ce, "Alhamdu lillahi, Yaya." Na cire sunayen ma'aikatansu daga shafin ɗaya bayan ɗaya a gaban mai kamfanin, har da wasu biyu da shi kansa ya ce sun daɗe da barin wurinsa.

Asusun talla ne bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. A tsarin Meta, asusun tallan da aka buɗe cikin rumbun wani kamfani ba ya tashi ya koma wani rumbu, iyaka a ba ka izinin leƙawa ko yin aiki a ciki. Namu ma ya fi haka cuɗewa, don ashe ba namu ba ne mu kaɗai, asusu ɗaya ne na dala suke yi wa mutane da yawa talla da shi. Shi ya sa duk lokacin da na nemi in gani da idona a baya sai a kawo wani dalili. Duk tarihin da ya taru na shekara biyu da rabi, wane hoto ne ya fi jawo kira, mutanen wane gari suka fi tambaya, yana can.

Abin da na iya samu shi ne rahoto. Na roƙi a ware tallanmu a fitar mini da shi a takardar lissafi, wata-wata, da abin da aka kashe. Ya ɗan yi jim, sannan ya fitar ya tura wa Auta. A mota muna dawowa, bayan mun wuce Bichi, ta buɗe tana juya dala zuwa naira da farashin kowane lokaci. A shekarar farko mafi yawan kuɗinmu na isa Facebook. Daga tsakiyar 2023, wasu watannin ko rabi bai kai ba. Na yi ƙoƙarin yi musu adalci a raina: dala suke saya da tsada a kasuwa, akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da Meta ta fara ɗorawa kan tallan Najeriya tun Janairun 2022, akwai hayar ofis da man janareto da albashin yara. Ba na ce sata suka yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya taɓa kirana ya ce, kuɗinku ya daina isa, ko ku ƙara ko mu rage. Da an faɗa, da Baba ya san abin da zai yanke.

Na taswirar Google bai ba mu wahala ba. Ana neman mallaka ta cikin shafin, a tura wa mai riƙe da shi saƙo, a ba shi kwana uku ya amsa. Yaron bai amsa ba, aka ba mu damar tabbatarwa da bidiyo. Na zagaya da waya na ɗauki titi, da allon shago, da injin yanka, da ni ina buɗe ofis da makulli. Bayan 'yan kwanaki aka amince.

Sabon asusun talla a naira muka buɗe shi, da agogon Legas. Auta ta ja kunnena a kan waɗannan biyun, ta ce in ka zo canza irin kuɗin ko agogon daga baya, rufe wannan za a yi a buɗe maka wani sabo. Na naira yana da sauƙi ɗaya da ban sani ba duk shekarun nan: kana zuba kuɗi tukuna daga banki, su riƙa cira har ya ƙare, babu ruwanka da katin dala. Sabon asusu dai ba a sakar masa mara, akwai iyakar abin da zai kashe a rana, sai a hankali take ɗagawa. Mu da ba da yawa za mu fara ba, bai dame mu ba. Wani abin da ya faranta mini rai, tunda shafin na hannunmu, ana iya sake tara jerin mutanen da suka yi hulɗa da shi cikin kwana 365 da suka wuce a nuna musu talla. Ashe ba duka aka rasa ba.

Masu cikakken iko yanzu mu biyu ne, ni da Auta, kowa da tabbatarwa mai mataki biyu a wayarsa, wato bayan kalmar sirri sai ya saka lambar da ta shigo masa. Kalmomin sirri da lambobin ajiya na rubuta su a takarda na saka cikin akwatin Baba, cikin jaridar nan da ke naɗe da takardar CAC. Ban rufe ƙofar aiki da masu talla ba, don na ga akwai abin da suka iya wanda ban iya ba. Wani yaro a nan Katsina ya zo yana so ya karɓi aikin, na ce in mun shirya zai turo lambar rumbunsa in ba shi izini daga nawa, kuɗin Facebook ni zan zuba da hannuna, ladansa daban a rubuce. Ya ce haka ma ya fi masa.

Tallan farko da na yi da kaina bai yi kyau ba. Na zaɓi faɗin Najeriya gaba ɗaya, kuɗin kwana biyar ya tafi wajen mutanen Legas da Fatakwal masu tambayar ko muna kaiwa can. Na biyu na taƙaita shi ga Katsina da garuruwan da motarmu ke iya zuwa ta dawo a yini, na rubuta shi da Hausa yadda Baba ke yi wa mai saye magana, ban sa farashi ba, na ce a yi magana ta WhatsApp. Kafin awa ashirin da huɗu aka amince da shi. Cikin mako na biyu na Sha'aban littafin oda ya cika har gefe.

Dattijon Mashi ya aiko da motarsa ranar da aka ce. Baba da kansa ya tsaya aka ɗaure sif ɗin da igiya, ya sa aka cusa tsumma tsakanin madubi da gado.

Saura kwana goma azumi, da yamma, Baba ya shigo ofis yana share hannu da tsumma. Ya ce yara ba za su iya ɗaukar ko saiti ɗaya a kan wanda ke ƙasa ba, a tsayar da tallan. Na ɗauko waya zan kashe, ya ce in dakata, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya sa tabarau. "Nuna mani wurin." Na nuna masa ɗan shuɗin maɓallin da ke gefen sunan tallan a wayata. Ya danna da babban yatsa, bai ɗauka ba saboda busasshen gam da ke kai. Ya goge yatsan a rigarsa ya sake dannawa, shuɗin ya koma toka-toka. Ya tambaye ni ko in an kunna bayan Sallah a nan ne za a sake dannawa, na ce a nan ne. Ya miƙe, ya ce in kira masu soso in ji ko motarsu ta taso daga Kano.